KUNNE MA YANA KARATU: A GWADA KAFIN A BIYA

Wannan shi ne jawabin wannan wata domin azuzuwan ilimin manya na Gidan Goga da sauran garuruwan ƙasar Maradun, da Bakura, da Talata Mafara. A karanta shi a fili a cikin aji, domin kowa ya ji, har da wanda ba ya gani.

 

Da wuya a sami unguwar da babu makaho ko makauniya. Wani tsoho ne, da can yana karatunsa, yanzu ido ya tafi. Wata uwa ce, ciwon ido ya ci ƙarfinta. Wani kuwa yaro ne, tsararsa suna makaranta shi yana zaune a zaure. Idan 'yan aji sun ɗauki littattafansu sun tafi karatu, su sai a bar su a gida.

To, yanzu akwai abin da ake kira littafi mai magana. Watau littafi ne da aka karanta da baki, aka ɗauki muryar, aka zuba ta a cikin na'ura. Makaho ya danna maɓalli, ya saurara. Na'urar ƙarama ce, tana shiga aljihu.

Amma akwai abin lura. Na'ura daban, littafi daban. Ba kowace na'ura ce ke buɗe kowane littafi ba. Mutum yana iya sayar da buhun gero ya sayi na'ura, ya kai gida, ta ƙi yin magana. Kuɗi sun tafi, ran makaho ya ɓaci. Maƙasudin wannan jawabi shi ne kada haka ta faru.

ASIBITI TUKUNA

Kafin maganar na'ura, a fara da maganar ido. Daga 2005 zuwa 2007 an yi binciken makanta a duk Nijeriya. An gano cewa a cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, kamar mutum 4 makafi ne. An kuma gano cewa kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta, ko a warkar da ita. Yanar ido ita ce kan gaba, ita kaɗai ta ɗauki kashi 43.

Yanar ido ana cire ta a asibiti, mutum ya koma yana gani. Amodari ma yana da magani, kuma wanke fuskar yara da tsabtar gida suna rage shi. Saboda haka duk wanda ganinsa ya fara dushewa, a kai shi wurin likitan ido. Kada a bari a yi masa sakiya a gida. Sai wanda likita ya ce idonsa ba zai dawo ba, ko wanda ganinsa ya yi rauni ƙwarai, shi ne littafi mai magana zai fi yi wa amfani.

ASALIN ABIN

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Karatu da kunne ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙaramin yaro. Da saurare ya yi karatunsa. Shi ya tsara Waƙoƙin Imfiraji, yana faɗa ana rubutawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1990. Rashin ido bai hana shi ilimi ba, domin ya sami masu karanta masa.

Akwai kuma rubutun makafi, wanda ake shafawa da yatsa. Wani makaho mutumin Faransa, Louis Braille, shi ya ƙago shi, aka buga bayaninsa a 1829. Da ɗigo shida ake haɗa dukkan baƙaƙen. A Nijeriya an buɗe makarantar makafi ta farko a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Wannan rubutu shi ya fi dacewa da yaro, domin da shi zai koyi rubutu da lissafi da kansa. Na'ura ba ta maye gurbin makaranta. Sai dai littattafan rubutun makafi suna da girma da tsada. Kuma dattijon da yatsunsa suka yi kanta saboda fartanya, koyon shafa ɗigo yana yi masa wuya.

Shi ya sa aka koma ga murya. An fara raba wa makafi littattafai a faifan garmaho a Amurka a 1934, a Ingila kuma a 1935. Daga baya kaset ya zo. Manya sun tuna wahalar kaset: zare ya harɗe, a sa biro a naɗe shi, a yi ta kai gaba da dawowa ana neman inda aka tsaya.

Domin maganin wannan wahala aka fito da wani tsari a ƙasar Suwidin, ana kiransa DAISY. A 1996 laburarorin makafi na ƙasashe da dama suka haɗa ƙungiya a kansa. Littafin da aka yi da wannan tsari, makaho yana iya tsallakawa zuwa babi na biyar, ko shafi na 40, ko ya sa alama a inda ya tsaya, kamar yadda mai ido ke ninke gefen takarda.

NA'URORI IRI UKU

Iri na farko su ne na'urorin da aka ƙera musamman domin makafi. Akwai Victor Reader Stream ta kamfanin HumanWare na ƙasar Kanada, wadda ta fara fitowa a 2007. Akwai kuma Plextalk ta ƙasar Japan. Maɓallansu suna da tudu, yatsa yana rarrabe su. Kowane maɓalli aka danna, na'urar tana faɗin aikinsa. Suna buɗe littafin DAISY, suna tuna inda aka tsaya. Amma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, ba a samun su a kasuwar ƙauye, kuma idan sun lalace mai gyara yana da wuyar samu.

Iri na biyu ita ce rediyo mai memori, wadda kowa ya sani. Da ita ake jin karatu da wa'azi da waƙoƙi a gona da majalisa. Tana da araha, ana samun batirinta, mai gyaran rediyo ya san cikinta. Aibinta shi ne ba ta san babi ko shafi ba. Wata ma idan an kashe ta, sai ta koma farko.

Iri na uku ita ce waya. Ƙaramar waya mai maɓalli tana ɗaukar murya, tana kuma kunna abin da ke cikin memori. Babbar waya ta shafawa kuwa tana da wata manhaja da ke faɗa wa makaho abin da yatsansa ya taɓa. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. Sai an koya kafin a iya, amma matasan makafi da yawa da ita suke aiki. Sai dai tana shan caji, kuma tana son data.

LABURAREN DA BA A ZUWA DA ƘAFA

Ina ake samun littattafan? Akwai laburarori a intanet waɗanda aka buɗe domin makafi. Ba gini ba ne da mutum zai shiga. Rumbu ne na littattafai a cikin kwamfuta, ana ɗebowa ta waya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bookshare, wanda aka buɗe a Amurka a 2002. Kafin mutum ya shiga sai ya kawo shaidar cewa ba ya iya karanta rubutun takarda.

A da, a ƙasashe da yawa doka ba ta barin a mayar da littafin wani zuwa murya ba da izninsa ba, balle a tsallaka da shi wata ƙasa. Ran 27 ga Yuni, 2013, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko domin sassauta wannan ga makafi. Nijeriya ta amince da ita a 2017. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa. Wannan doka ta ba ƙungiyoyi da hukumomin da ke yi wa makafi hidima damar mayar da littafi zuwa murya ko rubutun makafi, muddin ba domin ciniki ba ne. Tun 2014 kuma akwai wani tsari mai suna ABC, mai hedkwata a birnin Janeba, wanda ta hanyarsa laburarorin makafi na ƙasashe ke musayar littattafai.

Ƙofa ta buɗe ke nan. Amma buɗewar ƙofa ba ita ce shigar kaya ɗaki ba.

ƘWARYA TA BI ƘWARYA

Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Haka na'ura da littafi suke. Akwai wurare huɗu da suke saɓawa.

Na ɗaya, zubin littafi. Kowace murya da aka ɗauka tana da irin zubinta, kamar yadda kowane injin ban-ruwa yake da irin bakin tiyonsa. Ana gane zubin ta baƙaƙen da ke ƙarshen sunan abin da aka tura. Wanda kusan kowace na'ura ta sani shi ne MP3. Amma ƙananan wayoyi da yawa suna ɗaukar murya da zubin AMR. Saƙon murya na WhatsApp kuma zubinsa OPUS ne. Rediyoyi masu araha da yawa ba su san waɗannan biyu ba. Sai a tura karatu a memori, a sa a rediyo, a ji shiru. Karatun yana nan, rediyon ce ba ta gane shi ba. Maganinsa shi ne mai turi ya juya shi zuwa MP3 tukuna.

Shi ma littafin DAISY na murya, galibi MP3 ne a cikinsa, tare da wasu bayanai da ke nuna babi da shafi. Rediyo tana iya kunna muryar, amma ba za ta iya tsallakawa zuwa shafi ba. Wani lokaci ma sai ta hargitsa jerin, ta fara da tsakiya.

Na biyu, kulle. Wasu laburarori suna sa wa littattafansu kwaɗo. Babban laburaren makafi na gwamnatin Amurka haka yake yi. Littafinsa ba ya buɗuwa sai a na'urar da aka ba mabuɗi, kuma mutanen ƙasar da mazaunanta kaɗai ake yi wa rajista. Kamfanin Audible mai sayar da littattafan saurare shi ma yana kulle nasa. Saboda haka idan ɗan'uwa ya aiko da na'ura mai tsada daga waje, wannan bai nuna cewa duk littattafan can za su buɗu a nan ba. A tambaye shi: wane laburare ne ya yarda da wannan na'ura, kuma mutumin Nijeriya yana iya shiga?

Na uku, harshe. Wannan shi ne babba. Littattafai da yawa na waɗannan laburarori ba muryar mutum ba ce a ciki. Rubutu ne, na'ura ce ke karanta shi da muryar inji. Irin wannan rubutu zubinsa yakan zama EPUB ko DAISY na rubutu, kuma rediyo ba ta buɗe shi sam. Na'urar makafi tana buɗewa, amma galibi da muryar Turanci take zuwa. Idan aka ba ta Hausa sai ta yi ta gwaranci, musamman a kan ɓ da ɗ da ƙ. Bugu da ƙari, yawancin littattafan na Turanci ne, na Hausa kaɗan ne ƙwarai. Ɗalibin sakandare ko na Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara zai ƙaru da su. Tsohon da ba ya jin Turanci kuwa, an ba shi rumbu ne cike da abin da ba ya ci.

Na huɗu, memori da layi. Rediyoyi da yawa ba sa karɓar memorin da ya wuce giga 32. Ba a ma bukatar babba. Awa ɗaya ta magana, idan an ɗauke ta da matsakaicin kyau, tana cin kamar mega 30. Ke nan memori mai giga 8 zai ɗauki fiye da awa 200. A kuma yi hattara da jabun memori, wanda aka rubuta masa babbar lamba amma cikinsa kaɗan ne.

Game da layi kuwa, mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Wanda littafinsa ke intanet, karatunsa ya tsaya. Wanda nasa ke cikin memori, bai fasa saurare ba. Don haka a ƙauye, littafin da aka sauke aka ajiye ya fi wanda sai da layi ake jin sa.

ABUBUWA BAKWAI KAFIN A BIYA

Kada a yi cinikin biri a sama. Wanda zai je kasuwar Talata Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato domin sayen na'ura, ya kiyaye waɗannan:

1. Ya fara sanin abin da makahon yake son ji, da kuma inda za a samo shi. Littafi ake fara nema, sannan na'ura.

2. Idan da hali, ya tafi tare da mai abin. Hannunsa ne zai yi aiki da ita. Idan hanya ba ta da kyau, mai sayen ya rufe idonsa ya gwada, ya ga ko zai iya kunnawa da kashewa.

3. Ya tafi da memorin da aka riga aka zuba karatun a ciki, ya sa a na'urar a gaban mai kanti.

4. Ya duba jikin kwali. Wanda ya yi aji ya san M, ya san P, ya san 3. Ga ranar karatu ta zo.

5. Ya bar ta ta yi magana na ɗan lokaci, ya kashe, ya sake kunnawa. Idan ta ci gaba daga inda ta tsaya, madalla. Idan ta koma farko, ya nemi wata. Littafin awa goma ba ya jiyuwa da na'ura mai mantuwa.

6. Ya tambayi batiri. Ana cire shi? Ana samun irinsa a kasuwa? Tana caji da hasken rana, ko a wurin mai cajin waya?

7. Ya yi sharaɗi da mai kanti a gaban shaida, cewa idan ta ƙi aiki za a dawo da ita. Ya karɓi rasit.

Bayan an kai gida, a ɗiga ɗan danƙo ko a manna ƙaramin ƙyalle a kan maɓallin kunnawa, domin yatsa ya riƙa gane shi. A zauna da mai ita kwana biyu ko uku har hannunsa ya faɗa. Daga nan a bar masa abinsa. Kada yara su mayar da ita ta jin waƙa, kada kuma a goge masa karatu.

AIKIN 'YAN AJI

Tun da littattafan Hausa na saurare ba su da yawa a manyan laburarori, wa zai samar da su? Amsa ita ce, waɗanda suka iya karatu a garin.

An ga irin wannan a arewacin ƙasar Gana. Wata ƙungiya da aka kafa a 2007, wadda yanzu ake kira Amplio, ta ƙera wata na'ura mai aiki da batiri, ba ruwanta da layi. Ana zuba mata bayanin noma da kiwon lafiya da harshen mutanen wurin, manoman da ba su yi boko ba suna saurare. Abin da ya sa ta karɓu shi ne da harshensu take magana, kuma a kan abin da ya dame su.

Kowane aji yana iya yin kwatankwacin haka da waya ɗaya. Ga yadda ake yi. A zaɓi mai murya a fili. Ya karanta shafin sau biyu shi kaɗai kafin a fara ɗauka. A sami ɗaki marar hayaniya, nesa da injin niƙa da awaki. A ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga baki. Ya fara da faɗin sunan littafi da lambar babi. Ya yi karatu a tsanake, ba gudu. Kowane babi a ɗauke shi daban, kada ya wuce minti 15. A sa musu lamba bi da bi: 01, 02, 03. A kai wa mai turi ya juya su zuwa MP3, ya zuba su a memori a jere. A ajiye kwafi na biyu a wurin malamin aji, saboda ɓacin rana.

Me za a karanta? Wannan jarida da kanta. Takardun malaman gona a kan taki da iri da noman rani, irin wanda ake yi a ƙasar Bakolori. Sanarwar asibiti a kan rigakafi. Tarihin gari daga bakin dattawa. Tatsuniyoyi domin yara. Idan kuwa littafin wani marubuci ne, a nemi izninsa, ko a bi ta hannun ƙungiyar makafi ko ofishin ilimin manya. Kada a sayar, domin haƙƙin mutum ne.

Mata su karanta wa mata, tun da makauniyar da ke cikin gida ita aka fi mantawa da ita. A kuma shawarci Sarkin Makafi da jama'arsa tun daga farko. Su suka san masu bukata, su kuma za su faɗi abin da suke son ji. Kada a yanke musu hukunci a bayan idonsu.

Ribar ba ta makaho kaɗai ba ce. Ɗalibin da ke karanta wa wani a fili kowane mako, karatunsa ba ya guduwa. Wanda ya fara da in'ina, kafin kaka sai a ji bakinsa ya saki.

A ƙarshe, jama'a, a tuna cewa a watan Janairu na 2019 an sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, har da wajen neman ilimi. Ilimi haƙƙin makaho ne, ba sadaka ba. A nemo littafi tukuna, a gwada na'ura kafin a biya, a ajiye karatu a memori. Wanda ya iya karatu kuma ya ara wa ɗan'uwansa ido.

Allah Ya ƙara basira, Ya ba da zaman lafiya, amin.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Mene ne littafi mai magana?
2. Wane zubi ne kusan kowace rediyo mai memori ke buɗewa?
3. Me ya sa ake kashe na'ura a sake kunnawa kafin a biya?
4. Makafi nawa ne a unguwarku, kuma wa zai fara karanta musu?